Tsire da soyayyen dankali a Sakkwato: Bayan halal, saura tsafta da amana

Da zarar an idar da sallar Isha'i a birnin Sakkwato, zafin yini ya ɗan lafa, sai wata kasuwa ta buɗe wadda ba ta da rumfa ba ta da ƙofa. Daga titin Ahmadu Bello zuwa na Sarki Yahaya, daga Gawon Nama zuwa Mabera da Arkilla, hayaƙin tukuba ne ke tashi, ƙamshin yaji yana tare mai wucewa ko bai yi niyyar tsayawa ba.

Wannan tsohon labari ne. Sabon shi ne kaskon mai da aka girke a gefen tukubar, ko a shagon da ke daura da ita mai fitilu kala-kala, inda ake soya dankalin Turawa da aka yanka siri-siri, wanda matasa ke kira cips. Sai a zuba shi a farar roba, a yayyanka tsire ko naman shawarma a kai, a barbaɗa yaji, a tsiyaya mayonis da jan tumatirin kwalba, a rufe, a sa a leda. Ɗalibi ya saya ya hau acaɓa zuwa makwancinsa, saurayi ya saya ya nufi zance, magidanci ya riƙo wa iyali tsaraba.

Babu mai tambayar ko abin da ke cikin robar halal ne. A garin Shehu wannan tambaya ma kusan cin fuska ce. Sai dai rashin tambayar ya sa an manta da wasu tambayoyin da suka kamata a yi: wace dabba ce aka yanka, lafiyarta ƙalau? Kwana nawa man nan ya yi a kasko? Kuma idan an biya kuɗin, aljihun wa yake faɗawa? Amsoshin waɗannan ne za su nuna ko wannan sabon abincin dare zai zama alheri ga Sakkwato ko kuwa wata hanyar cika asibiti ce da talauta mahauta.

Kwanon da ya shiga majalisar Ostireliya

Haɗa gasasshen nama da soyayyen dankali a mazubi ɗaya ba a Sakkwato aka fara ba. Turkawa 'yan ci-rani ne suka yaɗa naman kebab da ake gasawa a jikin ƙarfe mai juyawa a birnin Berlin na Jamus tun farkon shekarun 1970. A birnin Rotterdam na ƙasar Holan, a shekarar 2003, wani mai aski ya saba sa a haɗa masa shawarma da dankali da cuku a mazubi ɗaya, har abincin ya ɗauki sunan shagon aski da harshensu, wato kapsalon.

Amma a Ostireliya ne abin ya fi yin suna. A can ana kiransa Halal Snack Pack: dankali a ƙasa, naman kebab a sama, sau da yawa da cuku, sannan miyar tafarnuwa da ta barkono da wata mai ƙamshin hayaƙi. A ƙarshen 2015 wasu matasa suka buɗe masa zaure a Facebook, inda Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba suke ba shaguna maki. Suna duba daɗin naman da gautsin dankalin, suna duba yadda mai shago ya gaishe su, suna kuma duba ko alamar halal ta fito fili a jikin shagon.

A 2016 Sanata Sam Dastyari ya yi jawabi a kan abincin a zauren Majalisar Dattawan ƙasar. A daren zaɓen watan Yulin shekarar kuma ya gayyaci Pauline Hanson, 'yar siyasar da ta yi ƙaurin suna wajen adawa da shaidar halal, su je su ci tare. Ta ƙi a gaban masu kallon talabijin. A ƙarshe jama'a suka zaɓi sunan abincin a matsayin kalmar shekarar 2016 a ƙamus ɗin Macquarie na ƙasar.

Darasin da ke ciki ya wuce barkwancin 'yan siyasa. Musulmi a Ostireliya ba su wuce kimanin kashi 3 cikin 100 na jama'a ba a ƙidayar 2021, saboda haka kalmar halal a can ba a ɗaukar ta a baki kawai. Sai da takarda, sai da mai sa ido a mayanka, sai da hanyar bin diddigin nama daga kwata zuwa shago. Da wannan tsari ne ƙasar da ba ta Musulmi ba take sayar da naman shanu da na tumaki ga Indonesiya da Malesiya da ƙasashen Larabawa, tana kwasar kuɗi masu yawa.

Ita kuwa Sakkwato, mai shanun Gudali da tumakin Uda da Balami da jar akuyar da fatarta ta yi suna har Turai, ko kilishinta ba a yarda matafiyi ya shiga da shi Amurka ko Ingila ba. A farkon 2025 an sanar cewa ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmar suya. Sunan ya tsallaka teku, naman ya tsaya a filin jirgi.

Halal rabin magana ne

Malamai sun sha tunatarwa cewa a Suratul Baƙara, inda aka umarci mutane su ci daga abin da ke bayan ƙasa, sharaɗi biyu aka haɗa: ya zama halal, ya kuma zama ɗayyib, wato mai kyau, mai tsafta, marar cutarwa. Ambaton sunan Allah da yanke maƙogwaro da jijiyoyi sun cika sharaɗin farko. Na biyun kuwa yana farawa tun dabba na raye, kuma ba ya ƙarewa sai loma ta shiga baki.

Saniyar da tarin fuka ya cinye huhunta ana iya yanka ta bisa ƙa'ida, amma namanta ba abin ba mutane ba ne. Ragon da aka ɗirka wa allurar kashe ƙwayoyin cuta jiya, aka ga ba zai tashi ba aka yi maza aka sa masa wuƙa, shi ma yankakke ne, sai dai maganin yana nan a jikin naman. Wanda ya sayar da irin wannan ba tare da ya faɗa ba ya yi algus, kuma hukuncin algus sananne ne ga duk wanda ya zauna gaban malami.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a ƙasar Sakkwato. Shugabannin jihadi sun ɗauki kasuwa da muhimmanci. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan aikin hisba, wanda ya haɗa da sa ido kan mudu da sikeli da ha'incin 'yan kasuwa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa birnin a 1809, ya yi rubutu a kan hukunce-hukuncen neman abinci da darajar sana'a. Shi ma Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya zo Sakkwato a 1824 kuma ya rasu a nan a 1827, ya ba da labarin yadda ya ga wasu mahautan kasuwar Kano suna hura nama don ya cika ido, har da masu manna gashin tunkiya a cinyar akuya don a ɗauka naman rago ne. Ya kuma ambaci cewa kasuwar tana da shugaba mai tsara ta. Ke nan dabarar ha'inci tsohuwa ce, haka ma tsarin da aka tanada don daƙile ta.

Sarautar Sarkin Fawa ba ado ba ce. A da shi ne ya san wanda ya yanka me, daga ina dabbar ta fito, ta sata ce ko mai ciwo ce. Rundawa sun san juna, gida-gida, kuma wanda ya sayar da mushe ya zubar da mutuncin zuriyarsa gaba ɗaya. Yanzu birni ya faɗaɗa, sana'ar ta karɓi waɗanda ba su gada ba, shagon shawarma kuma ba ya ƙarƙashin Sarkin Fawa, ba ya ƙarƙashin kowa in ban da mai karɓar haraji.

Abin da ke cikin robar

Idan aka buɗe robar nan aka duba ta da idon basira, abu huɗu ne a ciki, kowanne da tasa matsalar.

Na farko nama. Tsiren gargajiya yana da wata kariya da ba a cika yaba masa ba: yankan safe ne, a tsire shi da rana, a gasa da yamma, ya ƙare a daren. Naman shawarma ba haka yake ba. Ana jera shi ne a jikin ƙarfe, wuta tana gasa bayansa, cikinsa yana nan ɗanye da ɗumi-ɗumi na tsawon sa'o'i. Idan ciniki ya yi sanyi, abin da ya rage sai a cire a sa a firji, gobe a mayar. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, kuma wutar lantarki ba ta da tabbas, firjin da ya yi sanyi ya huce sau uku a dare ɗaya ba ma'ajiya ba ce, gidan renon ƙwayoyin cuta ne. Haka mayonis, wanda da ƙwai ake yin sa, idan ya wuni a buɗe a kan teburi.

Akwai kuma batun kaji da tsiran-alade na kanti da ake cusawa a shawarma. Najeriya ta haramta shigo da daskararrun kaji daga waje fiye da shekara 20 da suka wuce, amma jami'an kwastam ba su daina kama na fasa-ƙwauri ba. Kazar da ta biyo ta ɓarauniyar hanya babu mai iya cewa ga wanda ya yanka ta, ko ma an yanka ta. A nan kam har tambayar halal ɗin da ake jin kunyar yi ta zama wajibi.

Na biyu mai. Wannan shi ne babban abin da dankali ya kawo wanda tsire bai da shi. Mai tsire ɗan man gyaɗa yake shafawa. Mai dankali kuwa sai ya cika kasko, kuma da tsadar mai a yau ba kowa ke iya zubar da na jiya ba. Sai a yi ta ƙara sabo a kan tsoho, har ya yi duhu, ya yi kauri, yana kumfa yana hayaƙi. Masana abinci sun tabbatar cewa man da ake maimaita tafasawa yana rikiɗewa ya haifar da sinadarai masu illa ga zuciya da jijiyoyin jini. Shi ya sa hukumar kula da abinci ta Indiya ta sa iyaka cewa da zarar gurɓatattun sinadaran sun kai kashi 25 cikin 100 dole a daina amfani da man, ta kuma ɓullo da shirin karɓar tsohon mai a mayar da shi man dizal. A Najeriya, dokar NAFDAC ta 2022 a kan mai da kitse ta ƙayyade cewa mugun kitsen nan da ke toshe jijiyoyi kada ya wuce giram 2 a cikin giram 100. Amma dokar ta fi kama masana'antu. Kaskon bakin titi babu mai leƙa shi.

Ko dankalin kansa, idan aka bar shi ya yi duhu ƙwarai a mai, yana fitar da wani sinadari mai suna akirilamaid, wanda masu bincike a Suwidin suka gano a abinci a 2002, kuma ake zargin yana da alaƙa da cutar daji. Ruwan zinare ake so dankali ya yi, ba ruwan ƙasa ba.

Na uku yaji. Ƙuli-ƙuli ne ƙashin bayan yajin tsire, kuma gyaɗar da ta yi fumfuna a ajiya tana ɗauke da gubar afalatoksin mai lahanta hanta, wadda wuta ba ta kashe ta gaba ɗaya. Mai sayen ƙuli mai araha don ya rage tsada bai san me ya daka ba. Ga gishiri da ɗanɗanon girki a yaji, ga gishiri a dankali, ga wani a miyar kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Wanda ya ci tuwo da miya da rana, ya rufe dare da wannan roba, da wuya a ce bai zarce ba. Hawan jini kuwa ba ya sallama kafin ya shigo.

Na huɗu mazubi. Tsohuwar jarida da takardar siminti da ake naɗe tsire a ciki suna sakin tawada da datti idan maiƙo mai zafi ya taɓa su. Indiya ta hana naɗe abinci a jarida saboda haka. Farar robar nan mai kama da soso da ta maye gurbinsu ita ma ba ta son zafi da maiƙo, ga shi ba ta ruɓewa, sai ta toshe magudanan ruwa da damina, dabbobi su haɗiye ta a juji. Jihar Legas ta haramta ta a watan Janairun 2024.

Wani zai ce ana ta ci shekara da shekaru ba a mutu ba. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015 sun nuna cewa gurɓataccen abinci yana kwantar da mutum miliyan 600 a duniya duk shekara, yana kashe 420,000, kuma Afirka tana cikin yankunan da suka fi ɗaukar nauyin, da kimanin mutum 137,000. Yawancin waɗannan ba a rubuta musu "tsire" ko "dankali" a takardar asibiti ba. Amai da gudawa ake cewa, ko taifot, ko a ce kwana ne ya ƙare.

Ina kuɗin ke zuwa?

Bayan lafiya sai aljihu. A tsiren gargajiya kusan kowace naira a gida take zama. Dabbar daga Kara ko Acida ko Illela, gyaɗar da barkonon daga manoman yankin, albasa daga fadamun Sakkwato da Kebbi, itace da tsinke daga 'yan ƙauye. Makiyayi ya samu, dillali ya samu, mahauci ya samu, matar da ke yin ƙuli-ƙuli a cikin gida ta samu, majemi ya samu fata.

A sabuwar robar lissafin ya canza. Dankalin Turawa ba ya son zafi, shi ya sa mafi yawan wanda ake ci a Najeriya daga Jihar Filato yake fitowa, daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi. Kafin ya iso Sakkwato sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 600 ta Zariya da Funtuwa da Gusau, hanyar da direbobi suka san irin fargabar da ke kanta. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya zama wani babban kaso na farashin kowane buhu. Mayonis da jan tumatirin kwalba da robar kanta duk daga kudu ko daga waje suke zuwa. Wato wani kaso na abin da matashi ya biya ya bar jihar kafin ya gama lashe yatsunsa.

Wannan na faruwa ne a lokacin da sana'ar fawa take cikin wani hali. Satar shanu da hare-haren 'yan bindiga a gabashin jihar, irin su Sabon Birni da Isa da Goronyo da Rabah, sun tarwatsa garken makiyaya da dama. A watan Satumban 2021 gwamnatin jihar ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi saboda tsaro. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakar Illela da Birnin Ƙonni har zuwa Maris ɗin 2024, alhali ta nan ne dabbobi masu yawa ke shigowa. Nama ya yi tsada, tsinken tsire ya ƙanƙance.

A nan ne dankali ya samu shiga. Yana cika roba, yana cika ciki, yana sa ɗan nama kaɗan ya yi kama da abinci sosai. Mai saye bai yi wauta ba, lissafi ya yi. Idan mai tukuba ya tsaya yana cewa shi tsire ya gada ba suyar dankali ba, matasa za su wuce shi su shiga shagon mai fitilu.

Tsakanin "a hana" da "a ƙyale"

Akwai masu ganin duk wannan lalacewar zamani ce, abincin Turawa ne da ya zo ya kori fura da tuwo, gara a yaƙe shi. Damuwarsu tana da tushe, domin yaron da ya saba da maiƙo da zaƙi da wuya ya koma wa dambu da kwaɗo. Amma tarihin tukunyar Bahaushe bai goyi bayan rufe ƙofa ba. Gyaɗar da ake yin ƙuli da ita da barkonon da ke cikin yaji duk asalinsu daga nahiyar Amurka ne, haka masara da rogo da tumatir. Baƙi ne da suka zo suka zama 'yan gida. Kwanan nan ma an ga yadda mai shayi ya karɓi taliyar indomi ya haɗa ta da ƙwai, bai bar wa wani cinikin ba. Ba a ce ya bar gado ba, cewa aka yi ya iya kasuwa.

Akwai kuma masu cewa a ƙyale talaka ya nemi abincinsa, domin a ƙasar nan duk dokar da aka kafa kan ƙaramin ɗan kasuwa ƙarshenta ta zama hanyar karɓar na goro. Su ma ba su yi ƙarya ba. Idan tsaftace sana'ar yana nufin ƙaro masu rasit da masu kifar da tukuba, to gara a bar ta yadda take. Sai dai wanda ke cin abincin shi ma talaka ne, kuma shi ne ba shi da kuɗin asibiti idan cikinsa ya ɓaci. Tausayin mai sayarwa bai kamata ya zama zaluntar mai saye ba.

Hanyar da ta fi ita ce ta tsakiya: a karɓi abincin, a mayar da shi na Sakkwato, a kuma ɗora shi a kan amanar da aka san rundawa da ita.

Abin da ya kamata a yi

Gyara daga kwata zai fara. Kowace dabba likitan dabbobi ya duba ta kafin yanka da bayan yanka, a buga wa naman da ya tsallake hatimi wanda mai tsire zai iya nuna wa duk wanda ya tambaya. Wannan ba sabuwar doka ba ce, aikin da ke kan takarda ne tun tuni. Abin da yake buƙata shi ne isassun ma'aikata, ruwan famfo, da kuma asusun biyan diyya ko da kaɗan ne ga mahaucin da aka ƙwace namansa. Muddin ƙwace nama yana nufin karyewar jarin mutum, to za a ci gaba da yanka marar lafiya a bayan gida a ɓoye. A kuma hana babbaka kai da ƙafa da tsohuwar taya ko roba.

Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da tsangayar likitancin dabbobi a cikin garin nan. Ɗalibanta da malamanta suna iya ɗaukar samfurin nama da mai da yaji lokaci-lokaci su auna, a kuma fassara sakamakon da Hausa a karanta a rediyo, maimakon ya ƙare a mujallar da mahauci ba zai taɓa gani ba.

Masarauta da Sarkin Fawa da ƙungiyar mahauta su ne za su iya abin da jami'in gwamnati ba zai iya ba. Su yi rajistar masu tukuba da masu shawarma unguwa-unguwa, su shirya musu bita ta kwana ɗaya ko biyu a kan wanke hannu, raba wuƙar ɗanyen nama da ta gasasshe, rufe abinci daga ƙura da ƙuda, da sanin lokacin da mai ya mutu. Wanda ya cika sharuɗɗa a ba shi alamar da zai rataya. Wanda aka kama da algus 'yan uwansa su cire alamar. Kunya a cikin 'yan sana'a ta fi tara tasiri.

Tsohon mai a nema masa kasuwa. Idan masu yin sabulu suna sayensa a farashi mai ɗan dama, mai dankali ba zai ji zafin sauke kasko ba. Masu firji kuma a taimaka musu da bashi marar ruwa na na'urar hasken rana, tunda rana dai ba ita ce Sakkwato ta rasa ba. Sabuwar Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya da aka ƙirƙiro a 2024 ta sani cewa kiwo ba ya ƙarewa a ruga. Yana kaiwa har teburin mai balangu.

Su kuma masu sana'ar su dubi abin da ke ƙofar gidansu. Dankalin Hausa yana yi a fadamun jihar, yana soyuwa, kuma haɗuwar zaƙinsa da yaji ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai ƙosai da dankali. Akwai ma irin mai jan ciki da ke ɗauke da sinadarin bitamin A, wanda cibiyar binciken saiwoyi ta Umudike ta fitar. Doya ma tana soyuwa. Tafarnuwar da ake yi wa miya a Sidni da Berlin ana noma ta a Wurno da Goronyo. Albasa kuwa ba a yi wa Basakkwace gorinta. Robar da aka cika da balangun rago, dankalin Hausa, albasa da tumatir da kabeji, da miyar tafarnuwa da aka yi da kindirmo, ta fi ta yanzu araha da lafiya, kuma kuɗinta a gida zai kwana. A zuba a farar takarda mai tsabta ko kwali, ko mai saye ya zo da kwanonsa kamar yadda ake zuwa sayen fura.

Nauyin mai saye

Daga ƙarshe, babu hukumar da ta kai mai saye ƙarfi. Matasan Ostireliya ba doka suka kafa ba, maki kawai suka riƙa bayarwa, shaguna suka shiga gasar gyarawa. Matasan Sakkwato da ke ɗaukar hoton abincinsu suna sawa a TikTok da Facebook suna iya yin haka: su yabi mai tsafta da sunansa, su leƙa kasko kafin su miƙa kuɗi, su tambaya cikin ladabi, "Baba, yankan yau ne?" Mahaucin kirki ba ya fushi da wannan tambaya, alfahari yake yi da amsarta.

Iyaye kuma su san cewa wannan abincin marmari ne, na ranar albashi ko ranar da aka yi baƙi. Idan ya zama abincin kowane dare, to lissafinsa yana nan tafe bayan shekara goma ko ashirin, a layin masu ciwon suga da hawan jini.

Hausawa sun ce tsafta cikon addini ce. Garin da ya koya wa yankin nan karatu da shari'a bai kamata a ce sai ya je Sidni ya koyo yadda ake tabbatar da amanar nama ba. Dabbobin suna nan, mahautan suna nan, malaman fiƙihu da likitocin dabbobi suna nan a gari ɗaya. Abin da ya rage shi ne su zauna a tabarma ɗaya, domin yaron da ya buɗe robarsa da daddare ya yi bisimilla ya ci da kwanciyar hankali, ya kuma wayi gari lafiya.